Nazarin Lamari: Furosesar 2011 a Gaban Wasannin Kwamfuta na Zamani

Wannan nazari ya bi lamarin wani mai sha'awar wasannin kwamfuta wanda ya riƙe kwamfutar tebur guda ɗaya tsawon shekara goma sha biyu, yana sauya mata kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, har ranar da sauyin ya daina amfani. Alƙaluman awon da za a kawo na na'urarsa ne ita kaɗai, a wasan da ya fi bugawa, kamar yadda ya rubuta su a lokacin. Bayanan da suka shafi ƙirar furosesoshi da ranakun fitowarsu kuwa na kowa ne, kamar yadda kamfanonin da suka ƙera su suka bayyana.

## Asalin na'urar, 2011

A tsakiyar shekarar 2011 ya haɗa kwamfutarsa da hannunsa. Furosesar da ya zaɓa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin kwamfuta, ita ce Core i5-2500K ta kamfanin Intel, wadda ta fito a watan Janairu na wannan shekarar cikin zubin da ake kira Sandy Bridge. Tana da cibiyoyin aiki huɗu, kowace cibiya tana ɗaukar layin aiki ɗaya a lokaci guda. Gudunta na asali 3.3 GHz ne, wato bugun agogo biliyan 3.3 a sakan, kuma tana iya hawa zuwa 3.7 GHz idan cibiya ɗaya ce ke ɗauke da nauyin. Ma'ajiyarta ta kusa, wato ɗan rumbun da ke cikin jikin furosesa inda take ajiye bayanan da za ta nema nan take, megabait 6 ce. Harafin K da ke ƙarshen sunanta yana nufin an bar wa mai ita ƙofar ɗaga gudunta a buɗe. Ya dasa ta a kan madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan ciki a kansa, samfurin Z68, ya sa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, gigabait 8 na DDR3, da katin zane GTX 560 Ti, da sikirin mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye.

Domin a fahimci abin da ya biyo baya, sai a san yadda aiki yake rabuwa a cikin wasa. Kowane firam, wato kowane hoto guda daga cikin hotunan da ke bin juna su ba da motsi, sai ya bi ta hannu biyu. Furosesa ce ke fara lissafa inda kowane abu yake, me abokan gaba za su yi, ina harsashi ya faɗa, wane sauti zai tashi, sannan ta rubuta wa katin zane jerin umarni. Katin zane kuma shi ke zana hoton ɗigo bayan ɗigo. Idan ana son firam 60 a sakan guda, dole kowannensu ya gama nasa aikin cikin milisakan 16.7. Wanda ya makara a cikinsu shi ke tsayar da ɗan'uwansa, komai ƙarfin ɗan'uwan.

## Sauyin kati na farko, 2016

Shekara biyar na'urar ta yi ba tare da an taɓa ta ba. Da wasanni suka fara yi mata nauyi, sai ya sayi katin zane GTX 1060 mai ma'ajiyar gigabait 6, wanda ya fito a watan Yuli na 2016, ya cire tsohon katin ya sa sabon. Nan take komai ya dawo daidai, har ya riƙa ɗaga saitin kyan hoto zuwa sama ba tare da wasa ya yi nauyi ba.

Akwai dalilin da ya sa furosesa mai shekara biyar ta ɗauki wannan kati ba ta ko girgiza ba. Yawancin manyan wasannin wancan lokaci an tsara su ne da PlayStation 4 da Xbox One a zuci, waɗanda suka fito a watan Nuwamba na 2013 da cibiyoyi takwas na ƙirar Jaguar ta AMD, cibiyoyi marasa ƙarfi da aka yi domin ƙananan na'urori, waɗanda a PlayStation 4 suke gudu a 1.6 GHz kacal. Duk lissafin da zai yiwu a kansu, cibiyoyi huɗu na Sandy Bridge za su gama shi su huta. Intel kuma ta ci gaba da sayar da i5 mai cibiyoyi huɗu zubi bayan zubi har zuwa 2017, saboda haka masu rubuta wasanni ba su da dalilin neman fiye da haka daga mai kwamfutar tebur. Abin da mai na'urar ya ɗauka daga wannan nasara shi ne cewa a harkar wasa kati ne komai, furosesa kuwa ko wacce ta isa. A shekarar 2016 wannan zato bai yi nisa da gaskiya ba.

## Farkon matsalar, ƙarshen 2021

Tsakanin sauyin kati na farko da na biyu kasuwa ta juya. A watan Maris na 2017 AMD ta fito da Ryzen mai cibiyoyi takwas ga talakan mai saye, a watan Oktoba na shekarar Intel ta mayar da martani da i5 mai cibiyoyi shida, sannan a watan Nuwamba na 2020 PlayStation 5 da Xbox Series X suka zo da cibiyoyi takwas na ƙirar Zen 2, masu ɗaukar layin aiki goma sha shida. Ma'aunin da masu rubuta wasanni suke aunawa da shi ya tashi ke nan.

A ƙarshen 2021 ya sayi RTX 3060 mai gigabait 12, yana sa ran abin da ya faru a 2016 zai maimaitu. A tsofaffin wasanninsa kuwa ya maimaitu. Amma a sabon wasan da ya sayi katin dominsa, wasa mai faffaɗan gari cike da mutane da motoci, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. A bayan gari, inda babu kowa sai hanya da itatuwa, hoto yana tafiya sumul. Da zarar ya karya kwana ya shiga titi mai cunkoso, sai wasan ya fara in'ina: hoton ya cije na ɗan ƙiftawar ido, kiɗa yana ci gaba, sannan motar ta bayyana a gaban inda ya bar ta. Idan ya juya linzami da sauri, sai hannunsa ya riga idonsa. Ƙaramin lambar da ke kusurwar sikirin tana nuna firam 50 da wani abu, adadin da a da yake wasa da shi cikin jin daɗi, shi ya sa ya kasa gane abin da ke damun na'urar.

## Gyare-gyaren farko, Janairu zuwa Afrilu 2022

Ya fara da abin da kowa yake farawa da shi. Ya rage kyan inuwa da haske da nisan gani, daga sama zuwa tsakiya, daga tsakiya zuwa ƙasa. Hoton ya muzanta, in'inar tana nan. Ya goge manhajar da ke tuƙa katin ya sake sa sabuwa. Ya sake girka Windows 10 daga tushe. Babu abin da ya motsa.

Daga nan ya koma kan kayan ciki masu sauƙin sauyawa. Ya mayar da wasan daga tsohon faifai mai juyawa zuwa SSD, ma'ajiya mai sauri wadda ba ta juyawa, abin da ya rage jiran buɗe wasa ƙwarai, ya kuma kawar da wata irin cijewa mai tsawo da takan zo idan an shiga sabuwar unguwa. Ya ƙara RAM daga gigabait 8 zuwa 16, wannan ma ya yi amfani, domin a da Windows takan koma tana aron wuri a faifai idan RAM ya cika. Gyaran biyu na gaskiya ne, kowanne ya cire matsala guda, amma ƙananan cijewar da ke zuwa a kai a kai cikin cunkoso ba su ragu ba. A wannan lokaci zarginsa ya koma kan katin, har ya yi tunanin mayar da shi a matsayin mai lahani.

## Awo, Mayu 2022

Abin da ya sauya alƙiblar binciken ƙaramin gwaji ne. Ya sauke yawan ɗigon hoto daga 1920 da 1080 zuwa 1280 da 720, wato daga ɗigo 2,073,600 zuwa 921,600, ƙasa da rabi. Da katin ne ke makara, da yawan firam ya yi tsalle, tunda an sauke masa fiye da rabin kayansa. Lambar ba ta ƙaru da abin kirki ba.

Sai ya girka MSI Afterburner, manhajar da ke nuna aikin kowane sashe a saman wasa yayin da ake bugawa, ya zaɓi hanya guda a cikin garin mai ɗaukar minti uku, ya riƙa bin ta sau uku a kowane gwaji, ya kuma cire ƙaidin da ke ɗaure yawan firam da sikirin. Abin da ya gani a tsakiyar cunkoso shi ne cibiyoyin furosesa huɗu duka sun cika maƙil, katin zane kuma yana aiki da kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙarfinsa, sauran lokacin yana zaune yana jiran umarni. Matsakaicin firam ya tsaya wajen 55. Amma da ya duba kashi ɗaya cikin ɗari na firam mafi jinkiri, sai ya ga gudunsu ya yi daidai da firam 25 a sakan. Layin da ke nuna lokacin kowane firam, wanda ya kamata ya kwanta kusa da milisakan 17, yana ta harba ƙayoyi sama zuwa 40 da 50.

A nan ne aka gane dalilin da ya sa lambar kusurwa ta ruɗe shi wata biyar. Matsakaici yana haɗa firam masu sauri da masu jinkiri ya raba, ido kuwa ba ya rabawa. Idan firam hamsin suka zo a kan lokaci, biyar suka makara ninki uku, lambar za ta ce lafiya lau, amma waɗannan biyar ɗin su ne mai wasa zai ji a hannunsa.

## Ɗaga gudun furosesa, Yuni 2022

Tunda laifin ya faɗa kan furosesa, sai ya tuna da harafin K da bai taɓa amfani da shi ba cikin shekara goma sha ɗaya. Ya cire na'urar sanyaya, ya goge busasshen man da ke tsakaninta da murfin furosesa, wanda ya riga ya zama kamar alli, ya shafa sabo, ya ɗaura babbar mai sanyaya mai fanka biyu. Ya shiga BIOS, wato manhajar saitin madabod, ya riƙa ƙara gudu kaɗan kaɗan yana gwadawa, har ya tsaya a 4.5 GHz a kan cibiyoyin huɗu. Sandy Bridge ta yi suna wajen jure irin wannan, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne an liƙe murfinta da dalma, abin da ke sa zafi ya fita da sauri.

Ribar ta fito a awo. Matsakaici ya hau zuwa wajen 65, firam mafi jinkiri suka koma wajen 30. A wasannin da suka dogara da cibiya ɗaya ko biyu, musamman tsofaffi, sauyin ya fi haka armashi. Amma a hanyar gwajin cibiyoyin huɗu suna nan a cike, ƙayoyin sun ɗan gajarta ba su ɓace ba. Wasan yana raba aikinsa zuwa layuka fiye da huɗu, ga Windows da manhajar kati da manhajar hira da abokan wasa duk suna neman wuri, saboda haka kowane lokaci akwai aikin da ke tsaye a layi. Ƙara wa ma'aikata huɗu sauri bai hana na biyar da na shida jira ba. Zafi da cin wuta kuma sun ƙaru, fankokin suna kuka duk tsawon wasa.

## Furosesa ta hannu, Oktoba 2022

Don kada ya sauya madabod da RAM, sai ya nemi furosesa mafi ƙarfi da soket ɗinsa na LGA 1155, wato gurbin da furosesa ke zama a madabod, zai ɗauka. Ya samo Core i7-3770K ta hannu, ƙirar Ivy Bridge ta watan Afrilu 2012, mai cibiyoyi huɗu amma layin aiki takwas, da ma'ajiyar kusa megabait 8. Sai da ya sabunta BIOS kafin madabod ɗin ya gane ta.

Wannan mataki ya fi duk na baya taɓa ainihin ciwon. Matsakaici bai wuce 70 ba, ƙari kaɗan ke nan, amma firam mafi jinkiri sun tashi zuwa wajen 40, kuma a hannu an ji bambancin fiye da yadda lambar ta nuna. Layuka takwas sun ba ƙananan ayyuka wurin raɓawa ba tare da sun tsayar da babban aikin wasan ba. Katin zane ya kai kusan kashi 75 cikin ɗari.

Murnar ba ta daɗe ba, domin ya ci karo da bango iri biyu da gudu ba ya rusawa. Wani sabon wasa da ya saya ya ƙi buɗewa sam, saboda an rubuta shi da rukunin umarnin AVX2, wanda Intel ta fara sawa a zubin Haswell na 2013. Sandy Bridge da Ivy Bridge suna da AVX na farko kawai, kuma babu saitin da zai koya wa furosesa umarnin da ba a gina mata ba. Na biyu kuma, Windows 11 da ta fito a watan Oktoba 2021 ba ta karɓar furosesar Intel da ta girmi zubi na takwas a hukumance, in ban da 'yan kaɗan, tana kuma neman TPM 2.0, wani sashen tsaro na kwamfuta, alhali Microsoft ta riga ta sanar cewa tallafin Windows 10 zai ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025.

## Sauya gindin na'urar, Maris 2023

A ƙarshe ya sauya abu uku a tare, tunda ba sa rabuwa: furosesa, madabod da RAM. Bai nemi ta ƙololuwa ba. Ya ɗauki Ryzen 5 5600, wadda ta fito a watan Afrilu 2022, mai cibiyoyi shida da layin aiki goma sha biyu, da madabod mai B550, da RAM gigabait 16 na DDR4-3200. Katin zane, SSD, sikirin da akwatin wuta duk ya bar su yadda suke, wanda hakan ya sa kwatancen ya zama mai tsabta, domin gindin kaɗai aka taɓa.

Kafin ya saya ya yi jinkiri na makonni saboda lamba guda. Iyakar gudun Ryzen 5 5600 shi ne 4.4 GHz, ƙasa da 4.5 GHz da ya kai tsohuwar i5 ɗinsa, kuma ya kasa yarda cewa abin da lambarsa ta fi ƙanƙanta zai fi sauri. A hanyar gwajin, da saiti iri ɗaya, katin zane ya hau kashi 97 zuwa 99 cikin ɗari ya zauna a nan. Matsakaici ya wuce 90, firam mafi jinkiri suka tsaya sama da 60, layin lokacin firam ya kwanta. Wasan da ya ƙi buɗewa ya buɗe.

GHz yana ƙidaya bugun agogon furosesa ne kawai, ba ya faɗin yawan aikin da ake gamawa a kowane bugu, kuma a nan ne shekara goma na ƙira suka taru. AMD da kanta ta ce Zen 3, ƙirar da ke cikin 5600, ta fi Zen 2 da kashi 19 cikin ɗari a kowane bugu, ita kuma Zen 2 ta fi wadda ta gabace ta da kashi 15. Ma'ajiyar kusa ta tashi daga megabait 6 na i5 ɗin zuwa 32, kuma wasanni suna da ƙishin wannan ma'ajiya, domin duk lokacin da furosesa ta rasa abin da take nema a kusa sai ta tafi RAM, tafiyar da ke cin bugu da yawa tana zaune. Hanyar RAM ɗin ma ta faɗaɗa: DDR3-1600 a tasha biyu yana iya kai gigabait 25.6 a sakan, DDR4-3200 kuwa 51.2. Duk wannan a ƙarƙashin ma'aunin zafi na wat 65, inda tsohuwar i5 ɗin take da 95 tun kafin a ɗaga gudunta. Hanyar da ke tsakanin furosesa da kati ita ma ta tashi daga PCIe 2.0 zuwa 4.0, sai dai ga kati irin nasa wannan ne mafi ƙarancin tasiri a cikin jerin.

## Abin da bai sauya ba, Afrilu zuwa Yuni 2023

Ya sake haɗa tsohon gindin a wani akwati, ya mayar masa da katin na kwana biyu domin ya kwatanta su a wasu yanayi. A wasannin da suka fito kafin 2017, da sikirin ɗinsa mai sabunta hoto sau 60 a sakan, bai iya bambance na'urorin biyu da ido ba, domin dukansu sun wuce abin da sikirin zai iya nunawa. Da ya tilasta wa katin zana ɗigo 2560 da 1440 da saiti mafi nauyi a wani wasa mai tafiya a hanya ɗaya ba cunkoso, tazarar ta ragu zuwa 'yan firam kaɗan, saboda a nan kati ne ke makara, furosesa ko wacce ce jira take yi.

A sabuwar na'urar ma wata cijewa ta rage, wadda takan zo a karon farko da wani sabon haske ko fashewa ya bayyana, lokacin da wasa yake harhaɗa ƙananan manhajojin zane ga katin. Ta gajarta sosai, amma tana nan, domin tushenta yadda aka rubuta wasan ne. Ya kuma yi tunanin Ryzen 7 5800X3D, mai ma'ajiyar kusa megabait 96, wadda madabod ɗinsa zai ɗauka, sai ya fasa da ya ga katinsa ya riga ya cika maƙil.

## Hukunci

A ganina i5-2500K ba ta gaza ba. Furosesar da ta ɗauki katunan zane na zamani uku, ta yi shekara goma tana wasa lafiya, ta biya kuɗinta har da riba, kuma har yanzu ta isa ga tsofaffin wasanni a firam 60. Abin da ya same ta shi ne aikin da ake ɗora wa furosesa ya sauya siffa bayan 2017, ya ƙara sauyawa bayan 2020, daga layuka kaɗan masu nauyi zuwa layuka da yawa masu yawan neman bayanai, kuma tsufanta ya fara bayyana a firam mafi jinkiri tun kafin ya bayyana a matsakaici.

Kuskuren da ya fi cin lokacin mai na'urar shi ne wata biyar da ya yi yana gyara ba tare da awo ba, alhali gwajin sauke ɗigon hoto na minti goma ne. SSD da ƙarin RAM sun cancanta, domin sun magance nasu matsalolin, SSD ɗin ma ya bi shi zuwa sabuwar na'ura. Ɗaga gudu ya cancanta tunda furosesar ta riga ta ba da dama, ko da yake ya taɓa matsakaici fiye da in'inar. Sayen i7-3770K shi ne matakin da nake ganin bai kamata ba a ƙarshen 2022, duk da cewa ya yi aiki, domin ya zuba kuɗi a soket ɗin da ba shi da AVX2, ba shi da Windows 11, ba shi kuma da wata furosesa a gabansa, ya kuma bar ta bayan wata biyar. Da a 2017 ya yi wannan sauyi, da ya more shi shekara huɗu ko biyar.

Tsohon gindin yana nan yana aiki da GTX 1060 a cikinsa, ana buga wasannin da suka fito kafin 2017 a kansa, an kuma bar furosesar da ke ciki a gudunta na asali domin a rage zafi da ƙarar fanka.